Kerkecin da ke Cikin Cembalo

Brestovar, Asabar 26 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Zdenka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da maigidanki Branimir, da duk wanda ke cin abinci a teburinku a can Perth. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki da lafiya, ya sassauta miki ciwon ƙugun da kika ambata, ya ba Branimir sauƙin hawan jininsa, ya kuma ƙara masa haƙuri, don na san da wadda yake zaune. Ni dai ina nan yadda kika san ni, sai abin da tsufa ya ƙara. Gwiwar hagu ta daina shawara da ni kafin ta yi abin da take so. Likita ya ce in rage gishiri da fushi, na ce masa zan fara da gishirin mu ga yadda za ta kaya.

Makon jiya na je kabarin Baba da Mama, na cire ciyawa na sa sabbin furanni, sannan na biya ta na matata Tereza na ba ta labarin gari. 'Yar kawunmu Ankica ta gama girbin inabi, ta aiko mini da kwalba biyu na sabon ruwan inabi da ɗaya ta man 'ya'yan kabewa, haɗe da ƙorafin cewa kin daina rubuta mata. 'Yarki Mirta tana nan lafiya ƙalau a ɗakin sama. Ta yi 'yar ƙiba, tana cin shtrukli, fanken nan namu mai cuku, kamar a Ostireliya hana ta abinci kuke yi. Harshenmu ma ya fara zama a bakinta, ko da yake har yanzu matan kasuwa sukan sa ta maimaita kalmar kabeji don su samu abin dariya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna takardarki ta watan Yuli. Kin ce Mirta ta ɗauki hutun wata uku daga kantin maganin da take aiki don ta zo nan ta ƙaro ilimin kiɗa, kuma zuciyarki tana gaya miki ba ta da niyyar komawa. Kin ce shekarunta ashirin da bakwai, tana da aiki mai kyau, tikitinta na ranar shida ga Oktoba ne, in jirgin ya tashi babu ita mai kantin ba zai jira ta ba. Sai kika roƙe ni in cire mata wannan abu daga kai. Kika rubuta cewa babu wanda ya fi ni dacewa, ba ma sai na yi dogon bayani ba, ta dube ni kawai ta ga inda kiɗa yake kai mutum. Na karanta wannan layi sau uku, Zdenka. Ya yi zafi, amma ban ga inda kika yi ƙarya ba. Mutumin da ya yi shekara biyar yana karatu a Vienna, malamansa suna cewa duniya za ta ji sunansa, ya ƙare yana sunkuye a kan kayan kiɗan wasu yana ɗaure musu tsirkiya, ai ya isa abin nuni. Na amsa miki cewa zan yi, kuma da zuciya ɗaya na amsa.

Na yi iya ƙoƙarina. Kowace safiya in ta sauko shan kofi sai in ba ta labarin wani da muka yi karatu tare, wanda ya ƙare yana kiɗa a wajen bikin aure mutane suna tauna nama ba sa jin sa, da wanda ya koma sayar da tayoyin mota a Osijek. Na ciro mata takardar yabon da kwamitin bikin kiɗa na garin nan ya ba ni ranar da suka sallame ni shekara tara da suka wuce, bayan na yi shekara talatin da ɗaya ina saita musu sautin cembalo, kakan fiyanon nan mai tsirkiyoyi, takardar da ko sunana ba su rubuta daidai ba. Na ce ta duba da kyau, nan hanyar take ƙarewa. Ta duba, ta ce firam ɗin yana da kyau, ta tambaya ko akwai sauran man shanu. Yarinyar nan taurin kanki ta kwaso gaba ɗaya, ta lulluɓe shi da murmushin ubanta, shi ya sa ba a ganewa da wuri. Daga nan sai ta hau sama ta zauna gaban tsohon cembalona, wanda kike kira akwatin gawa mai ƙafafu, ta yi ta kaɗawa har tsakar rana. Ni kuma in zauna a ƙasa da jarida a buɗe, ina jin sautin kowace tsirkiya da ta taɓa.

Sai biki ya zo. Kin san yadda garin nan yake komawa a ƙarshen Satumba, kwana goma babu abin da ake ji sai kiɗan Barok, kiɗan mutanen da suka yi shekara ɗari uku a ƙasa, a kowane coci da kowane tsohon gidan masu sarauta. Bana abin ya fi na lokacinki. An rataya tutoci daga dandali har gadar kogin Drava, mahaucin layinmu ya sa farar hular gashi yana saran ƙashi, ma'aikatan gidan waya sun sa safa har gwiwa. Baƙi daga Jamus da Italiya da Japan suna ta ɗaukar hoton ƙofar gidanmu, wadda ban shafa wa fenti ba tun rasuwar Tereza, wai ta yi kama da tarihi. Masu goge suna zaune a matakalar coci suna zagin damshin kogi, wai tsirkiyar hanjin tunkiya ba ta shiri da shi. Tun da aka sallame ni, in biki ya zo rufe tagogina nake yi. Bana Mirta ta buɗe su duka, ta ce gidan yana warin tsohon littafi. Ba zan ɓoye miki ba, da masu ƙaho suka busa daga saman hasumiya ranar buɗewa, sai na samu kaina tsaye a bakin taga da cokali a hannu. Na ce mata na biyu daga hagu sautinsa ya yi ƙasa. Ta ce ta ji, amma ta kuma ga ƙafata tana bin kiɗan.

Kin tuna Hedviga, 'yar ajinku mai dogon wuya. Yanzu ita ce shugabar wata ƙungiyar makaɗa mutum goma sha biyu da ke yawon ƙasashe, kuma tana neman mai cembalo na shekara ɗaya. An tace masu nema har saura biyu. Na farko wani mutumin Ljubljana ne, ya kaɗa ranar Talata, ko ni ban kama shi da kuskure ba. Ta biyu Mirta ce, an ba ta ranar Alhamis ƙarfe biyar na yamma a ƙaramin cocin da ke bayan kasuwa, za ta raka Leopold a waƙa uku, mawaƙin nan mai murya kamar ganga da tumbi daidai da ita. Mirta ta gaya mini da bakinta cewa in an ɗauke ta za ta zauna, in ba a ɗauke ta ba za ta hau jirgi ranar shida ba tare da gardama ba, ta koma ƙirga ƙwayoyin magani har ta tsufa. Kin ga ke nan duk maganarki da tawa da tata ta taru a kan yammacin Alhamis.

Mutumin Zagreb da suka maye gurbina da shi, mai na'urar nan mai fitila kore da ja da ke gaya masa abin da ya kamata kunnensa ya gaya masa, an gayyace shi gonar inabi ranar Laraba. Rina ta harbe shi a hannun dama, hannun ya tashi kamar burodi. Alhamis da sassafe sai ga Hedviga da kanta a ƙofata, tana roƙon in zo in saita cembalon cocin. Na bar ta a tsaye, don shekara tara ina shirya wannan tsayuwa. Na ce mata kunnuwana sun tsufa, ai ita ma tana cikin waɗanda suka faɗa. Ta sake roƙo, na ce kayan aikina sun yi tsatsa. Sai ta gyara jakarta ta ce ba komai, malamin lissafi na makarantar sakandare ya ce yana da wani abu a wayarsa da ke wannan aiki. Kafin ta kai bakin titi na riga na sa takalmi.

Dole in tuna miki wani abu na sana'ar, in ba haka ba ba za ki gane laifina ba. Sautuka goma sha biyu ne a jere, kuma Allah bai yi su yadda za su zauna lafiya da juna dukkansu ba. Duk yadda ka saita sai wani ɗan saɓani ya ragu. 'Yan zamani sukan raba saɓanin daidai a kan kowa, shi ya sa fiyano babu inda yake da muni, babu kuma inda yake da daɗi na gaske, kamar yawancin mutanen yanzu. Mutanen da kuwa sukan sa sauran sautuka su yi zaƙi har hawaye ya zo, su tattara saɓanin duka su zuba shi a lungu ɗaya. In aka danna madannan wannan lungu tare, sai ka ji wani kuka mai tayar da tsikar jiki. Shi muke kira kerkeci. Aikin mai saiti shi ne ya tambayi waƙoƙin da za a yi ranar, ya ɗaure kerkecin a inda hannun makaɗi ba zai bi ba. Haka na yi. Awa biyu ni kaɗai a cikin coci, da ɗan mabuɗina da kunnena, kuma rabona da jin daɗi irin wannan har na manta. Da tsakar rana Mirta ta zo ta gwada, ta danna sau ɗaya ta rufe ido, sannan ta taso ta sumbaci sanƙona a gaban hoton waliyyi. Na ce mata ta daina shirme ta je ta yi guga.

Wajen ƙarfe uku da rabi ina zaune a shagon kofin Slavka, sai ga Vinko mai kula da cocin, abokin satar tuffana na ƙuruciya, yana dariya tun daga ƙofa. Ya ce Leopold ya sha sabon ruwan inabi mai sanyi jiya, yau muryarsa ta ƙi hawa sama, ya zo coci yana kuka wai sai an sauke masa waƙoƙin da rabin taki. Shi kuma Vinko ya sha ganin baƙi suna yi: a zare wani ɗan katako a gefe, a tura jerin madannan gaba ɗaya gurbi ɗaya zuwa hagu, shi ke nan komai ya sauka. Suka kama su biyu suka tura. Ya dafa kafaɗata ya ce, tsohon mayaudari, shekara talatin kana yi mana burga da aikin da na gama a minti biyu. Ya ƙara da cewa Leopold ya ce a shaida mini, ko da akwai wani abu. Akwai wani abu kuwa. Madannai sun matsa, tsirkiyoyi suna inda na bar su, kowane madanni ya koma ƙarƙashin tsirkiyar maƙwabcinsa. Kerkecin da na ɗaure a lungu yanzu yana tsakiyar ɗaki, daidai inda hannun Mirta zai bi a kowane layi. Gyaran minti arba'in ne. Agogon Slavka ya nuna saura awa ɗaya da rabi.

Zdenka, ban tashi ba. Na ce wa Vinko na ji, na ce wa Slavka ta ƙaro kofi. Na gaya wa kaina cewa saƙonki nake cikawa, ga hanya ta zo da kanta ban taɓa komai ba. Kiɗan zai yi muni, Hedviga za ta ɗauki mutumin Ljubljana, yarinya za ta yi kukan kwana biyu ta koma wajen uwarta da aikinta, kowa ya huta. Amma tunda yau gaskiya na zauna rubutawa, ba don ke kaɗai ba ne. Wata biyu ina sauraron yarinyar nan ta cikin silin, na san abin da ke hannunta tun makon farko. Akwai wani abu a cikina da bai so ya ga an buɗe mata ƙofar da ni ban shiga ba. Kofi na biyu ya huce a gabana. Slavka ta zo tana goge tebur, ta ce fuskata kamar na haɗiye ƙwallon zaitun, sannan ta ce, ba yau ne 'yarka take kiɗa ba, me kake yi a nan? Ba ta ce 'yar ƙanwarka ba. Na duba agogo, biyar saura minti ashirin.

Da kin ga yayanki yana gudu da kin yi dariyar da za ta warkar da ƙugunki. Na faɗa cikin jerin gwanon masu rawa, mata da siket mai faɗin ƙofar gari, na taka wa wata gefen riga, wani mai takobin katako ya zage ni da Jamusanci. Gwiwa tana nata, jakar kayan aiki tana dukana a cinya. A ƙofar coci wata mata mai takarda a hannu ta ce sai tikiti, kuma wuri ya cika. Na ce ni ne mai saiti, ta duba takardarta ta ce mai saiti yana asibiti. Vinko ne ya shigar da ni ta ƙofar gefe. Mutane sun riga sun zauna, an kunna kyandir, Hedviga tana layi na biyu da fensir. Babu sauran abin yi. Na zauna bayan ginshiƙi da jaka a kan gwiwa. Daga baya na ji cewa sai a bakin ƙofar fitowa Leopold ya gaya wa Mirta ya sa an tura madannai, ya ce kada ta damu, an shaida wa kawunta tun ɗazu. Don haka ta fito da natsuwar wadda ta san kawunta ya zo ya gyara.

Ta ɗora hannu biyu, kerkeci ya yi kuka. Ba kowa ne ya gane abin da ya faru ba, amma kowa ya ji. Wata Bajamushiya a gabana ta ɗaga kafaɗa kamar an ɗiga mata ruwan sanyi a wuya, fensirin Hedviga ya tsaya cak. Mirta ta ɗago kai ta bi cocin da ido. Na san wanda take nema, na ƙara matsawa bayan ginshiƙi. Da ni ne a kujerar nan na san abin da zan yi, don na taɓa yi a Graz ina da shekara ashirin da shida, ranar da manyan mutane suka zo saurarona: na tashi na ce ba zan kaɗa kayan da ba a saita ba, na fita ina da gaskiya, ba su ƙara nemana ba. Ita kuwa ta mayar da ido kan takarda, ta gyaɗa wa Leopold kai ya shiga.

A irin wannan kiɗa takarda hannun hagu kawai take ba ka, na dama daga kanka kake cikawa. Sai na ji ta fara lalube da yatsa mara nauyi, layi bayan layi, tana gano waɗanda suke cizo. Kafin waƙar farko ta ƙare ta san su duka. Inda aka saba danna huɗu sai ta danna biyu, ta bar na ukun ga muryar Leopold ya cike. Inda babu hanyar kaucewa sai ta warware su ɗaya bayan ɗaya da sauri, yadda masu faɗan ba za su haɗu ba. Kiɗan ya zama siriri, kamar itatuwan bakin kogi in ganye ya zube, kana hango komai ta tsakaninsu. Leopold da ya saba ruri ya ga babu bangon da zai jingina, dole ya sassauta, kuma na rantse miki shekara ashirin ban ji ya yi waƙa kamar mutum ba sai ranar. Waƙa ta uku ta wani tsohon ɗan Italiya ce, kukan wanda masoyiyarsa ta yaudare shi. Mirta ta yi ta kewaye kerkecin har kusan ƙarshe. Da Leopold ya iso kan kalmar cin amana, sai ta saukar da hannu biyu a kansa da gangan, ta riƙe. Cocin ya ɗauki kukan ya juya shi a cikin rufi. Wata tsohuwa kusa da ni ta yi alamar gicciye. Ban sani ba ko da mutumin cikin waƙar Mirta take ko da na bayan ginshiƙi, ban kuma tambaya ba.

An yi tafi har kyandirori suna rawa, Leopold ya sunkuya sau huɗu kamar shi ya shirya abin. Hedviga ba ta jira ya gama ba, ta shigo ɗakin baya tana tambayar wanda ya taɓa cembalo. Vinko ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Ta kira Leopold tulun giya mai hular gashi, ta ce wa Vinko in ta ƙara ganinsa kusa da kayan kiɗa da igiyar ƙararrawa za ta ɗaure shi. Sannan ta juyo gare ni ta ce, kai kuma babu wanda ya gaya maka? Kafin in buɗe baki Mirta ta ce saƙon bai isa ga kawu a kan lokaci ba. Vinko ya ɗaga kai yana nazarin rufi. Hedviga ta dubi 'yarki ta ce, "Na ranar Talata bai yi kuskure ko ɗaya ba. Amma mu yawo muke yi, yau coci mai sanyi, gobe zaure mai zafi, kaya ba sa taɓa zama daidai. Ke nake so. Litinin, ƙarfe tara."

Muka koma gida tare. Jiya Juma'a da safe na gaya mata duka, lokacin da Vinko ya zo, da kofi biyu, da takardarki, da ɗaya dalilin. Ta ce takardar ta san da ita tun Yuli, don kin gaya wa Branimir, shi kuwa cikinsa ba ya riƙe magana. Ɗaya dalilin ne ba ta sani ba. Ta tashi ta bar kofinta, ta hau sama, yini guda babu kiɗa. Shekara da shekaru ina zaune ni kaɗai a gidan nan, ban taɓa jin shiru ya yi mini nauyi kamar na jiya ba. Na dafa miyar wake na ajiye a bakin ƙofarta, da yamma na tarar an cinye an bar kwanon ba a wanke ba, na ɗauka wannan ma amsa ce. Yau da safe ta sauko ta tsaya a kaina ta ce, "Kawu, ban yafe ba tukuna. Amma ba zan ƙara zama gaban kayan da ban san inda kerkecinsa yake ba. Za ka koya mini saiti, kullum kafin kofi." Na ce mata wannan aikin shekaru ne. Ta ce to sai in daure in daɗe. Mun fara ɗazu. Ta tsinka tsirkiya ɗaya, na yi mata tsawa irin ta malamaina na Vienna, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Don haka, ƙanwata, alkawarin da na yi miki ban cika ba, kuma na janye shi. Ba zan ce miki hanyar tana da sauƙi ba, ni ne na ƙarshen wanda zai faɗi haka. Shekara ɗaya kawai aka ba ta, bayanta babu wanda ya sani. Za ta kwana a jiragen ƙasa, za ta kaɗa wa kujerun da babu kowa, za ta haɗu da kwamitoci. Amma shekara arba'in ina cewa sana'ar ce ta cuce ni, da Graz, da Zagreb, da masu na'ura, ranar Alhamis kuwa na ga an ba wata abin da ya fi nawa lalacewa ta yi kiɗa da shi. Irin wannan ba a mayar da ita bayan kanta. Ranar Litinin in ta dawo daga wajen Hedviga za ta soke tikitin, ta rubuta wa mai kantin da hannunta. Gobe bayan coci za ta kira ki, zai zama yamma a wajenku, kuma tana tsoron kiran nan fiye da yadda ta ji tsoron cocin cike da mutane. Shi ya sa Slavka za ta ɗauki hoton shafukan nan da wayarta ta tura miki yau, don ki samu yini guda ki ƙarar da fushinki a kaina. Ni na cancanta, ta kowace fuska kika duba. In ta kira, ki bar ta ta kai ƙarshen maganarta kafin ki fara taki. Sannan ki haɗo mata babbar rigar sanyi da takalma masu kauri, don yarinyar nan ba ta san abin da ake kira Janairu a bakin Drava ba.

Ki gaishe mini da Branimir, ki ce masa na gode da ya tona mu. Ki gaishe da ɗanki Tihomir da matarsa, ki sumbaci ƙaramar Nives, ki ce mata kakanta na nan yana da gemu amma ba ya cizo. Ki miƙa gaisuwata ga tsohuwa Jagoda in har yanzu tana zuwa cocinku. Daga nan Ankica tana gaishe ki tana jiran takarda, Slavka tana gaishe ki, Hedviga ta ce a gaya miki kin iya haihuwa, Vinko kuma ya ce a shaida miki ya yi ritaya daga harkar kiɗa. Ubangiji ya tsare ku, ya sanyaya zuciyarki, ya sa mu ga juna kafin ƙafafuna su gama ƙi. Zan tsaya nan. Ina jin ta a sama tun ɗazu tana neman sauti ɗaya, ta kusa amma ba ta kai ba, bari in hau.

Yayanki mai ƙaunarki,
Dragutin